Tekun Barbados a kan allon da bai kai takardar A4 ba

Nura: Salamu alaikum malamaina. Ga hotunan wasu ƙananan zane-zanen fentin mai da J.E.H. MacDonald ya yi a bakin tekun Barbados a 1932, lokacin yana jinya. Kallon farko sai mutum ya raina su: sama, ruwa, yashi, shi ke nan. Amma duk ɗalibin da aka ce ya kwaikwaya, abin da ke fitowa kamar bangon shagon aski ne da aka shafe da ruwan omo. Tambayata biyu ce. Rashin lafiya ce ta sa ya sauƙaƙa zanen haka? Kuma yaya ake haɗa wannan ruwan har ido ya ga zurfinsa?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. A fara da mutumin, don ba kowa ya san shi a nan ba. An haife shi a Ingila a 1873, iyayensa suka koma Kanada yana ɗan shekara 14. Da aikin zayyanar talla da rubutun ado ya fara, ya yi shekaru a wani kamfani na Toronto mai suna Grip, kusan sana'ar su Baba Ɗanladi ke nan, sai dai ta Grip ta ɗab'i ce. Yana cikin mutum bakwai da suka kafa ƙungiyar masu zanen dazuka da tsaunukan Kanada, Group of Seven, wadda ta yi baje kolinta na farko a 1920. A 1929 ya zama shugaban kwalejin koyar da zane ta Ontario. A Nuwamban 1931 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, farkon 1932 suka tafi Barbados shi da matarsa don ya murmure nesa da sanyin ƙasarsu. Ya dawo, ciwon ya sake bugunsa, ya rasu ran 26 ga Nuwamba 1932 yana da shekara 59. Waɗannan allunan suna cikin aikinsa na ƙarshe.

Baba Ɗanladi: To ai an gama magana. Hannun da ciwo ya taɓa ba ya son ƙananan abubuwa. Ku dubi lambun da ya zana a 1916, mai manyan furannin nan da suka sunkuya, ko'ina a cike babu masaka tsinke. Sannan ku dubi waɗannan, layi uku. Mai jinya ya yi abin da ƙarfinsa ya kai, Allah ya sa mu cika da kyau.

Malama Rabi: Baba, da girman kujerarka, kwatancen bai yi daidai ba. Na 1916 babban zane ne na ɗakin aiki, waɗannan kuwa na fita waje ne, ana gama kowanne a zama ɗaya. Girman allon da shi da abokansa suka saba fita da shi inci 8 da rabi ne a 10 da rabi, wato santimita 21.6 a 26.7, kuma tun yana da lafiya da shi yake yawo. In za a kwatanta, a ɗauko ƙananan allunan da ya yi a tsaunukan Rocky, inda ya riƙa zuwa duk shekara daga 1924 zuwa 1930. Can ma ya riga ya fara zubar da tarkace, dutse guda sai ya zama fuska biyu ko uku. Kuma teku ba baƙonsa ba ne, ya zana gaɓar Nova Scotia tun 1922.

Baba Ɗanladi: Na ji, Malama. Amma ba za ki ce ciwon bai taɓa komai ba.

Anti Zulai: Baba yana da rabin gaskiya, sai dai ba a wurin da yake nemanta ba. A ɓangarenmu na gashin ƙashi, abin da ya fi damun wanda ya tashi daga wannan ciwon gajiya ce, irin wadda barci ba ya korewa. Ita ke yanke tsawon zama. Wanda zai iya awa uku a tsaye da, yanzu minti 30 ya ishe shi. Ƙaramin allo da wurin da za a zauna a inuwa a kalli abu ɗaya, ba hawa ba gangara, su ne suka dace da mai irin wannan ƙarfin. Ciwo yakan zaɓar wa mutum wurin zama da tsawon lokaci. Abin da ido ya gani da yadda aka haɗa kala kuwa, wannan ilimin shekara arba'in ne.

Injiniya Kabiru: Ni tambaya ta biyu zan kama, don amsarta ce za ta nuna cewa layi ukun Baba sun fi uku.

Ruwa mai tsabta yana shanye jan haske kafin sauran. A zurfin mita biyar mafi yawan ja ya tafi, sai ruwan goro da ɗorawa su biyo baya, shuɗi ne ke jurewa. Inda ruwa bai da zurfi kuma ƙasansa farin yashi ne, haske yana shiga, ya bugi yashin, ya dawo ido. Tafiyar gajera ce, ja kawai aka rage masa, sai ka ga kore-kore mai haske. Ƙara zurfi, tafiyar ta yi tsawo, kore ya ragu, shuɗi ya ƙaru. Inda haske ba ya kai wa ƙasa ya dawo, sai shuɗi mai duhu kamar rinin Ƙofar Mata da aka tsoma sau da yawa.

Me ya sa Barbados? Mafi yawan tsibirin farin dutsen murjani ne, ruwan sama yana nutsewa cikinsa maimakon ya gudana, saboda haka koguna kaɗan ne ƙwarai, babu laka mai yawa da ke shiga teku. Yashin ma garin murjani da ɓawon katantanwar teku ne. Kwatanta da dam ɗin Tiga ko Challawa da damina: ruwan yana ɗauke da jar laka, haske ba ya yin ko rabin mita sai ya dawo da launin ƙasa.

Saura abu ɗaya da ɗalibai ke kuskurewa. In ka kalli ruwa kai tsaye daga sama, kashi biyu cikin ɗari kacal na haske yake maidowa kamar madubi, saura yana shigewa, shi ya sa kake ganin ƙasa a kusa da ƙafarka. In ka kalle shi a kwance daga nesa, madubin ne ke rinjaye. Kwantaccen ruwan dam da sassafe, nesansa fari ne tas, yana kwafar ƙasan sararin sama. Amma teku mai iska, fuskokin igiyoyin da ke kallonka a karkace suke, suna nuna maka saman sama mai duhu da cikin ruwan kansa. Don haka a irin wannan tekun, wurin da ya fi duhu shi ne dab da magamar sama da ruwa, kuma saman da ke kansa ya fi shi haske nesa ba kusa ba. Wanda ya zana teku da idon Tiga sai ya juya abin.

Nura: Wallahi Injiniya nan ne. Kowa sai ya sa duhu a gaba, haske a baya.

Sadiya: Saboda haka aka koya mana a zanen tudu da daji: abin da ya yi nisa ya dushe. Ashe a nan ba haka ba.

Injiniya Kabiru: Yana dushewa kaɗan a ranar hazo, amma nisan bai kai yadda kuke zato ba. Mai tsawon mita 1.7 da ke tsaye a bakin ruwa, iyakar ganinsa kimanin kilomita 4.7 ne, daga nan ƙasa ta lanƙwashe. Ga kuma lissafin da zai gyara muku igiyoyi. Tazarar abu daga layin magama a kan allo tana raguwa daidai da ƙaruwar nisansa. In igiyar da ke mita 10 ta sauka santimita 10 ƙasa da layin, ta mita 20 za ta zauna a santimita 5, ta mita 100 a santimita 1, ta kilomita ɗaya a milimita 1. Wato duk tekun daga mita 100 zuwa ƙarshe a cikin faɗin ɗan yatsa yake. Rabin santimita goman nan kuwa na tsakanin mita 10 da 20 ne kawai. Ɗalibi kuwa sai ya jera igiyoyi da tazara iri ɗaya kamar kunyoyin gona, ruwan ya miƙe tsaye ya zama bango.

Malam Habu: Madalla. To ga haɗin, da kalolin da ake da su a zamaninsa, waɗanda har yau su ne suka fi sauƙin sarrafawa: altramarin (shuɗi mai duhu), kobalt ko seruliyan (shuɗi mai haske), firidiyan (kore), ɗorawa mai hasken lemun tsami, ocha mai ruwan ƙasa, siyena ƙonanniya (ruwan ƙasa mai ja-ja), ja mai duhu irin alizarin, da fari. A haɗa tuli biyar da wuƙar fenti kafin burushi ya taɓa allo.

Na nesa: altramarin kashi uku, firidiyan kashi ɗaya, siyena kamar kan ashana don ta kashe kaifin, fari ɗan kaɗan. Kada a sa baƙi, yana mai da shi ruwan kwata.

Na tsakiya: seruliyan biyu, firidiyan ɗaya, fari biyu.

Na bakin gaɓa: fari biyar, firidiyan ɗaya, ɗorawa rabi. In ya yi kama da alewa, a taɓa masa ocha.

Jiƙaƙƙen yashi: fari, ocha, ɗan alizarin, da ɗan abin da ya rage na sama, domin jiƙaƙƙen yashi madubi ne, kuma ya fi busasshe duhu.

Tabon duwatsu da ciyawar ƙarƙashin ruwa: altramarin da alizarin da ɗan ocha, ya ba da shunayya mai ƙasa-ƙasa. A ja shi siriri a kwance, tsayinsa ya ninka kaurinsa sau goma ko fiye. Wannan tabon shi ke gaya wa ido cewa ruwan yana da ƙasa. Ba shi, sai ruwan omon Nura.

Ma'aunin nan mafari ne kawai, kowane kamfani da ƙarfin fentinsa. A gwada a gefen kwali.

Sadiya: Malam, a shagunan kayan zane na Sabon Gari abin da aka fi samu shi ne wanda aka rubuta phthalo a jikinsa, ko wanda aka rubuta viridian hue. Daidai suke da firidiyan?

Malam Habu: A'a 'yata. Duk inda kika ga hue, kwaikwayon launin ne da wani sinadari mai araha, kuma a nan yawanci talo ne, wato phthalo ɗin da kika gani. Duba lambar da ke bayan bututun: firidiyan na gaske PG18, koren talo PG7, shuɗin talo PB15, altramarin PB29. Talo yana da ƙarfin rini kamar shuni, ɗigo ɗaya sai ya cinye tuli. In shi ke hannunki, ki ɗebo fari cike da ƙaramin cokali, ki taɓo talo da bakin tsinken ashana, ki kai shi cikin farin. Kada ki yi akasin haka, za ki ƙarar da bututun fari kina bin sa. Sannan kullum ki karya shi da ɗan ocha ko siyena. Ki ware masa burushinsa, don yana maƙalewa a gindin gashi ya fito cikin gajimarenki.

Malama Rabi: Kuma shi MacDonald bai taɓa riƙe talo ba. Shuɗinsa ya shiga kasuwa a 1935, korensa a 1938, bayan rasuwarsa ke nan. Irin wannan lissafin ne ake kama jabu da shi. A 2015 gidan adana zane na Vancouver ya sanar da samun kyautar ƙananan alluna goma da aka ce nasa ne, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka kai su binciken kimiyya, a ƙarshen 2023 gidan da kansa ya baje su ya ce ba shi ya zana ba.

Baba Ɗanladi: Kai, har a zanen ma akwai 'yan gwanjo.

Nura: Malam Habu, kumfa fa? Fari kai tsaye daga bututu?

Malam Habu: Nan ne na biyu da ake faɗuwa. Kumfa tana da jiki, tana da inuwa. A fara da inuwar: fari da ɗan altramarin da ɗan alizarin, toka-toka mai shunayya, a shimfiɗa duk siffar kumfar da shi. Sannan a kawo fari da aka ɗumama da ƙwayar ɗorawa ko ocha, mai kauri, a ɗora a saman da rana ke bugu kawai, shafa ɗaya, a ɗauke hannu. Sake komawa kansa shi ke jawo shuɗin ƙasa ya hau, a samu madara mai bula. A duk allon kada farin nan ya wuce wuri uku ko huɗu. Ƙarƙashin igiyar da ke shirin karyewa, inda haske ke ratsa ta, nan ne koren da ya fi kowane kaifi, firidiyan da ɗorawa kusan ba fari.

Tsarin aiki a minti 45: minti biyar a ja layin magama da na gaɓa da siyena mai ruwa-ruwa. A auna layin daga saman allo a gefe biyu da rula, kada a amince wa ido, karkatar milimita biyu ana ganinta daga ƙofar ɗaki. Kada kuma ya raba allon biyu daidai. Minti goma sama, daga shuɗi a can sama zuwa mai haske da ɗan ɗumi a ƙasa. Minti goma sha biyar ruwa, daga nesa zuwa kusa, da burushi mai faɗin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a kwance. Tsakanin tuli da tuli kada a murje su su narke, a bar harshen wannan ya shiga cikin wancan. Minti biyar yashi. Saura na kumfa. Da an gama a ɗauki hoto da waya a mai da shi baƙi da fari. In sama da ruwan nesa suka zama toka iri ɗaya, ba a yi komai ba tukuna.

Injiniya Kabiru: A ƙara da maganar rana, don a nan mun fi Turawan Kanada sa'a. Barbados tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana kan 12. Ranarsu ranarmu ce. Wajen 21 ga Maris da tsakar rana tana hawa digiri 77 a can, 78 a nan, a Toronto kuwa 46. Inuwa gajera, haske daga sama, shi ne lokacin da yashin ƙasan ruwa ya fi haskawa. Mutumin da ya shekara yana zana doguwar inuwar arewa, da ya sauka can dole ya sake lissafi. Bakano kuwa wannan hasken ya buɗe ido a ciki. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa, shi ya sa zaman waje ba ya wuce awa ɗaya da rabi ko ga mai lafiya.

Ko ƙurar ma tamu ce. Iskar gabas tana kwasar ƙurar Sahara ta tsallaka Atilantika da ita, kuma a gabashin Barbados an daɗe ana auna ta, tun shekarun 1960.

Sadiya: Wato har can hazo ya bi mutane.

Baba Ɗanladi: Tun da an zo kan allo, wannan fagena ne. Ku je 'Yan Katako a Na'ibawa ku sayi falle ɗaya na filawud mai milimita huɗu zuwa shida, ƙafa huɗu a takwas, ku duba kada ya zama mai kumburi ko ramuka a baki. In aka yanka biyar ta faɗi, tara ta tsawo, allo 45 ne ke fita a ma'aunin da Malama ta faɗa. A goge da samfefa mai laushi, a kaɗe. A dama farin gam na kafintoci kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, a shafe gaba da baya da baki huɗu. Wanda ya shafe fuska ɗaya kawai, da damina ta sauka allon zai lanƙwashe kamar ɓawon kankana, don ɓangare ɗaya ne ke shan laima. Bayan ya bushe, jeso, farin shafin da ake yi wa allo kafin fenti, shafi biyu ko uku, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, awa biyu a tsakani, sannan a bar shi kwana biyu kafin mai ya hau.

Kada a yi ƙasa da fentin bango na ruwa don arha. Alli ya yi masa yawa, yana tsotse man fenti, gobe ka tarar shuɗin nan mai duhu ya koma toka. Kada kuma a yi da fentin ƙofa mai sheƙi, sabon fenti ba ya kama shi, wata rana sai ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Malama Rabi: Ƙari a kan na Baba: farin allo a rana yana kashe ido, sai mutum ya ga duk kalar da ya ɗora ta yi duhu, ya yi ta ƙara fari. A sa ɗan ocha ko siyena a shafin jeso na ƙarshe ya zama ruwan madara mai ɗumi. Ɗan abin da ya leƙo tsakanin shafe-shafen shuɗi shi ke sa ruwan ya yi wal-wal. Kuma allo da farantin haɗa kala su zauna a inuwa ɗaya. In ɗaya na rana ɗaya na inuwa, abin da aka haɗa daban, abin da ya sauka daban. Lemar da za a kafa ta zama fara ko baƙa ko toka, ba jar lemar masu kati ba.

Anti Zulai: Bari in koma kan mai jinya, tunda akwai gidaje da yawa a garin nan da hawan jini ya kwantar da wani, kuma zane yana cikin abin da ke motsa hannu. Da sharaɗin likita ya yarda a fara zama.

Kujera mai jingina da hannuwa, ƙafa biyu a ƙasa. Teburi daidai gwiwar hannu, allon a jingine a karkace kamar allon karatu, a danne shi da maƙali ko salatif don kada a buƙaci hannu na biyu. Hannun da ya shanye a ɗora shi kan matashi a teburin, kada a bar shi yana lilo, nauyinsa yana jan kafaɗa ta saki. Kuma kada kowa ya ja shi ta wannan hannun wajen tayarwa. Ƙotar burushi siririya ce ga yatsun da ba sa rufewa sosai, a naɗe ta da soso ko tsumma da salatif har kaurinta ya kai santimita uku. Wani ya buɗe bututu ya matso fentin tun kafin a zauna, don wannan ne ke cinye ƙarfi a banza. Minti 20 zuwa 30, da hantsi, sannan hutu. Kan ya sara, ko gani ya rabu biyu, ko magana ta harɗe, ko baki ya karkace, a ajiye komai a tafi asibiti nan take, ba a jira a ga abin da gobe za ta yi.

Akwai kuma abin da 'yan'uwa ke ɗauka gangan ne. Wanda ciwon ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa yakan manta da hagu gaba ɗaya, idonsa lafiya amma hankalinsa ba ya zuwa can. Sai ya cika dama da fenti ya bar hagu fari, ya ce ya gama, kamar yadda zai ci rabin tuwo ya bar rabi. A manna jan salatif a bakin allon na hagu, a ce masa kowane layi ya faro daga ja. Zanen teku ya dace da wannan ƙwarai, don duk shafinsa daga gefe zuwa gefe ne.

Malama Rabi: Anti, akwai misali a tarihi. Lovis Corinth na Jamus ya gamu da ciwon a Disamban 1911, ya koma aiki, kuma zanen tafkin Walchensee da aka fi saninsa da su bayan haka ya yi su. Matisse na Faransa kuma, bayan babbar tiyatar da aka yi masa a 1941, tsayuwa ta yi masa wuya, ya koma yanka takarda mai launi da almakashi. A 1946 ya fitar da tekun da ya gani a Tahiti tun 1930, kifi da tsuntsu da ciyawar ruwa, duk da almakashi. Shi kam ciwo ya canza masa kayan aiki ƙarara. Na MacDonald allon da fentin da girman duk na da ne.

Baba Ɗanladi: To na sauko rabi. Amma ku gaya wa yaran nan maganar tina. Masu fentin mota da na ƙofa sun saba da tina da kananzir, har da fetur, sai yaro ya ɗauka haka ake yi a ɗaki.

Malam Habu: Gaskiya ne Baba. A ɗakin mai jinya babu tina, babu fetur, babu tafantin. Tururinsu yana sara kai yana kawo jiri, ga haɗarin wuta. Kananzir kuma ba ya tashi da wuri, yana barin maiƙo, fenti ya yi makonni yana danƙo. A allo ƙarami ba a ma buƙatarsu: fenti kai tsaye daga bututu, in ya yi tauri ɗigo ɗaya na man linsid, man da ake dama fentin mai da shi. Burushi huɗu, na sama, na ruwa mai duhu, na ruwa mai haske, na fari, a riƙa gogewa da tsumma maimakon wankewa. In an tashi, a tsoma a man gyaɗa a goge, sannan a wanke da sabulu har kumfa ta fito fara. A tabbata man gyaɗan ya fita duka, shi ba ya bushewa, in ya shiga zane wurin ba zai taɓa kamewa ba. Tsumman da ya sha man linsid kada a dunƙule shi a kwando, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a waje ko a jefa a gwangwani mai ruwa. Fari kuma a ɗauki na titaniyam. Na dalma guba ne, na zinki zalla yana tsagewa in ya tsufa. Ba a cin goro ko abinci da hannun fenti.

Sadiya: In mutum ya ce shi akirilik, fentin nan da ake dama da ruwa, zai yi fa, don gudun duk wannan?

Malam Habu: Ya halatta, amma da hunturu a Kano iska a bushe take ƙayau, minti biyu zuwa biyar ya kame, harshen kala ba zai shiga cikin ɗan'uwansa ba. A samu robar abinci mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso siriri, a ɗora takardar gashin kek a kai, a haɗa kala a kanta. A riƙa fesa ruwa kaɗan da kwalbar feshi. Kuma yana ƙara duhu in ya bushe, don haka koren bakin gaɓa a haɗa shi ya fi yadda ake so haske da taki ɗaya.

Nura: To wanda bai taɓa ganin teku ba, daga ina zai kalla? Hoton waya kawai?

Injiniya Kabiru: Hoton waya yana ƙara wa shuɗi gishiri, kuma yana cinye bambancin da ke cikin kumfa. Bidiyo ya fi, a tsayar da shi a wurare da dama a ga siffar da ke maimaituwa. A lura kuma da wane gefen tsibirin ne: yamma ruwan a kwance yake, gabas wajen Bathsheba igiyar Atilantika ce mai ƙarfi da manyan duwatsu, haɗinsu ba ɗaya ba ne. Don ganin yadda zurfi ke canza launi, tafkin ninkaya mai farin tayil ya isa, a tsaya a gefen marar zurfi da tsakar rana a kalli ɗaya gefen. Don magama da madubin sama da tazarar igiyoyi, Tiga da yamma in iska ta taso. Kalar ce kawai ba za a ɗauka daga can ba.

Baba Ɗanladi: Kuma ba mai zuwa ya ce maka ka zana mai rai. Ruwa ne da yashi, har a falon Malam sai a rataye.

Nura: Saura bushewa. Ƙura ba za ta bar ɗanyen fenti ba.

Baba Ɗanladi: Kafinta ya yi maka akwati mai tsaga a ciki, tazarar santimita ɗaya tsakanin allo da allo, irin wanda su MacDonald ke ɗauka a daji. A huda ƙananan ramuka a gefe a rufe da gidan sauro, don fentin mai da iska yake bushewa, in ka toshe shi ba zai kame ba. In babu akwati, a jingina allon fuskarsa na kallon bango, samansa kawai ya taɓa. Siririn shafi kwana uku zuwa mako, farin kumfa mai kauri ya fi haka. Kada a kai shi rana ko bayan mota don sauri, sama ta bushe ciki ɗanye, ya yamutse. Ƙurar da ta riga ta hau a bar ta sai ya bushe sarai a share da busasshen burushi mai laushi. In ya daɗe a duhu farin ya yi ɗorawa, a fito da shi ɗaki mai haske, ba cikin rana ba, mako ɗaya ko biyu zai washe. Banish, shafin ƙyalli na ƙarshe, sai bayan wata shida.

Malama Rabi: Nura, ka yanka goma daga cikin 45 ɗin, hoto ɗaya za ka yi sau goma, kowanne minti 45, ka rubuta lamba da haɗin da ka yi a baya da fensir. Ka turo na ɗaya da na goma a baƙi da fari.

Nura: In sha Allahu, Malama. Baba, filawud ɗin na milimita huɗu zan ce ko na shida?

Baba Ɗanladi: Na huɗu ya isa a wannan girman, kuma ya fi sauƙi a hannu. Ka tsaya a kansa lokacin yanka, ka ce da ƙaramin haƙorin zarto, in ba haka ba bakin zai tsattsage.